Hitar gas tana ƙyastawa amma wuta ba ta kamawa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da hitar ruwa mai aiki da gas, irin marar tankin nan, mai lita 10, da batir biyu take tashi. Tun shigowar hunturu nan Jos, in na buɗe shawa da asuba sai in ji tana ƙyastawa, tas-tas-tas, amma wuta ba ta kamawa. Wani lokaci ta kama, kafin ka ce me ta mutu. Da rana kuma takan yi aiki lafiya. Wanda ya haɗa mini ita ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone, in sayi sabuwa. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da sayen komai tukuna. Ƙwaƙwalwar hita, wato ɗan allon lantarkin da ke sarrafa ta, in ta ƙone ba ta zaɓen lokaci, ba za ta ƙi da asuba ta yarda da azahar ba. Abin da ke sauyawa tsakanin asuba da rana shi ne sanyi, don haka a wurin abubuwan da sanyi ke taɓawa za mu nemi matsalar.

Amma da farko, in har ka ji warin gas, rufe tukunyar, buɗe ƙofa da tagogi, kada ka kunna ko ka kashe makunnin lantarki, kada kuma ka sake gwada hitar. Da kumfar sabulu ake neman inda gas ke yoyo, ba da ashana ba.

Wannan na'ura mataki huɗu take bi kafin ta ba ka ruwan zafi. Ruwa ya ratsa ta ya tura wani ɗan makunni, batir ya ba da tartsatsi, bawul ya buɗe gas ya fito, sannan wani siririn ƙarfe da ke tsaye cikin harshen wutar ya shaida wa na'urar cewa wuta ta kama. In shaidar ba ta zo cikin 'yan daƙiƙu ba, sai ta datse gas da kanta don kare gidanka. Tunda kana jin ƙyastawa, mataki na farko ya wuce lafiya.

Fara da batir, shi ne mafi arha. Batir ɗin da ya raunana yana iya ba da tartsatsi amma ya gaza janye bawul ɗin gas, domin bawul ya fi cin wuta, sanyi kuma yana ƙara kashe masa ƙarfi. Sa sababbi biyu manya, masu lamba D, irin waɗanda aka rubuta "alkaline" a jikinsu, ka kankare tsatsar da ke bakin mazauninsu.

In hakan bai yi ba, zargina ya fi karkata ga tukunyar gas. Hita mai lita 10, wato mai ba da lita 10 na ruwan zafi a minti ɗaya, tana da ƙarfin kusan kilowat 20, tana shan kimanin kilo ɗaya da rabi na gas a awa guda, wato abin da kawunan kuka, wato murhun gas na girki, da yawa za su sha a haɗe. Gas ɗin cikin tukunya ruwa ne, sai ya zama tururi kafin ya fita, kuma zafin da yake bukata daga jikin tukunyar da iskar da ke kewaye da ita yake samu. Gas ɗin girkinmu yawancinsa butane ne, wanda ke daina tururi in sanyi ya kai wajen digiri 0. Asubar hunturu a Jos takan sauko kusa da digiri 10, jan da hitar ke yi kuma yana ƙara sanyaya tukunyar. In ƙarama ce, ko gas ɗin ya yi ƙasa, ba za ta iya ciyar da hitar ba, ko da kuwa tana dafa shayi a kuka ba matsala. Shi ya sa mutane ke rantsuwa cewa da sauran gas, kuma gaskiyarsu ne. Ka duba jikinta in hitar na ƙoƙarin tashi, in ka ga tana zufa ko raɓa ta kwanta a ƙasanta, ka gano bakin zaren. Gwada cikakkiya mai kilo 12.5. Kada ka kwantar da tukunya, kada ka girgiza ta, kada ka kusanta mata wuta ko ruwan zafi. Bayan sauya tukunya iska kan zauna a tiyo, sai an buɗe famfo an rufe sau da dama kafin gas ya iso.

Duba regileta ma. A jikinta an rubuta matsin da take bayarwa, galibi milibar 28 zuwa 30, da kilon da take iya wucarwa a awa. Kwatanta da abin da ke rubuce a gefen hitar. Regiletar masu tuya, wadda ake murɗawa a ƙara wuta, ba ta hita ba ce, haɗari ce babba.

Kamawa ta mutu da ka ambata tana iya zama daga siririn ƙarfen nan mai shaida wuta. Ƙurar hunturu da baƙin hayaƙi suna rufe shi. Rufe gas, cire batir, buɗe murfin, ka goge shi a hankali da samfefa mai laushi, kada ka lanƙwasa shi ko ka fasa farin tangaran ɗin da ke riƙe shi. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce. In rawaya ce mai lilo, kan wutar ya toshe ko iska ba ta isa, wannan kuma aikin ƙwararren mai gyaran kayan gas ne, kamar yadda kwance bawul yake.

Ruwa ma yana kashe ta a tsakiyar wanka. Kowace mita ɗaya ta tsayin tanki matsin ruwa kusan 0.1 a ma'aunin "bar" take bayarwa, hitoci da yawa kuma suna son 0.2 zuwa 0.3. In tankinka bai da tsayi, ko yashin rijiyar burtsatse ya toshe 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, ko ka sirka da ruwan sanyi da yawa a famfo, gudun ruwan zai ragu ta mutu. Wanke rariyar da kan shawa, ka rage zafin daga jikin hitar maimakon sirkawa.

Masu hitar gas mai allo wadda ake jona wa lantarki, na'urar na faɗa musu matsalar da lamba: a Rinnai 11 rashin kamawa ne, 12 mutuwar wuta, a Navien kuma E003 da E012. In ta hannu ce daga Amurka, a tabbatar ba ta gas ɗin bututu ba ce, domin ba ta dace da na tukunya ba sai an sauya mata kayan ciki.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da rashin ruwan zafi, Malam. Ba ka faɗi inda aka kafa ta ba. In cikin banɗaki take, ka daina amfani da ita har a fitar da ita inda iska ke ratsawa, a sa mata bututun hayaƙi zuwa waje. Da hunturu ake toshe tagogi, wutar kuma tana cinye iskar ɗaki ta saki kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ko launi. Ciwon kai ko jiri lokacin wanka alama ce, a fita nan take a nemi asibiti. Wasu hitocin suna da abin da ke kashe su in iska ta yi ƙaranci ko hayaƙi ya dawo. Duk mai gyaran da ya ce zai tsallake shi ya haɗa waya kai tsaye don ta daina mutuwa, kada ka bari ya taɓa ta.