Tambaya da Amsa: Baturen da ke takawa a bakin teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zanen allunan shaguna ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Wani tela ya nuna mini hoto a waya, ya ce in kwafa masa a bangon shago. Wani Bature ne da shuɗiyar kwat yana takawa a bakin teku, hadari ya haɗu a bayansa, an rubuta Keppel a ƙasa. Wane ne shi? Kuma tunda a zamaninsa babu kyamara, tsayawa ya yi a bakin ruwa har aka gama zana shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Telan nan naka ya iya zaɓe. Mutumin sunansa Augustus Keppel, hafsan sojan ruwa ne na Ingila, an haife shi a 1725. Wanda ya zana shi kuwa Joshua Reynolds ne, tsakanin 1752 da 1753. Zanen na fentin mai ne a kan ƙyalle, tsayinsa ya haura mita biyu, yana nan a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, a Landan.

Amsar tambayarka ta biyu, a'a. A ɗakin aiki ake wannan zane. Mutum yakan zo ya zauna kamar awa guda, ya tafi, ya dawo wata rana, har fuska ta fito. Teku da duwatsu da hadarin nan duk mai zane ne ya ɗora su daga baya. Hatta tafiyar da ka gani, ƙafa ɗaya gaba, hannu a miƙe yana nuni, aro ce. Reynolds ya ɗauko ta daga tsayuwar mutum-mutumin Apollo, abin bautar Girkawa da Romawan da, irin waɗanda ya yi shekara biyu yana nazarinsu a Roma.

Yadda ya kai Roma ɗin ma Keppel ne sanadi. A 1749 an tura Keppel wajen mai mulkin Aljiyas kan batun masu fashin jiragen Ingila, sai ya ɗauki Reynolds a jirginsa mai suna Centurion, lokacin Reynolds yana saurayin da ba a san shi ba, ya kai shi tekun Bahar Rum. Da Reynolds ya dawo gida sai ya rama alheri da wannan zane, ya kuma ajiye shi a ɗakin aikinsa don masu kuɗi su gani su yi sha'awa. Dabarar ta ci. Zuwa 1768 shi ne shugaban farko na makarantar masu zane ta sarautar Ingila.

Ni a ganina, ka ɗauki hoton nan kamar kirarin da maroƙi ke yi wa basarake a ƙofar fadar Damagaram: sunan gaskiya ne, asalin gaskiya ne, amma an zaɓi abin da za a faɗa. Dubi bakin tekun nan. Masana da yawa na cewa ishara ce ga 1747, shekarar da jirgin Keppel mai suna Maidstone ya yi karo da duwatsu a gaɓar Faransa yana bin wani jirgin abokan gaba, jirgin ya tarwatse, Faransawa suka kama shi. Ranar asara ce, amma a zane ba ka ganin ko ɗigon ruwa a rigarsa, sai mutum mai ba da umarni. Haka kuma ba za ka gane cewa ciwon rashin ɗanyen abinci ya zubar masa da haƙora a tafiyar kewaya duniya da ya yi ƙarƙashin kwamandan jiragen ruwan Ingila George Anson daga 1740 zuwa 1744 ba. Bakinsa dai a rufe yake.

Akwai abin da ya shafe mu nan Afirka ta Yamma. A ƙarshen 1758, bayan an yi zanen, Keppel ne ya jagoranci jiragen da suka ƙwace tsibirin Gore, kusa da Dakar, daga hannun Faransa, tsibirin da ya yi suna wajen cinikin bayi. A 1763 aka mayar wa Faransa shi. Ka gaya wa telan wannan, ya san wanda zai sa a bangonsa. In ɗinkin kwat ɗin ne ya burge shi, to, kayan sarki ne, waɗanda aka fara sa wa hafsoshin ruwan Ingila a 1748.

In za ka kwafa, kada ka fara da fuska. Shimfiɗa duhun hadarin tukuna, ka bar haske ya faɗo ta gefe guda a kan goshi da gaban riga, don abin da ke sa mutumin ya yi kamar zai fito daga bango ke nan. Kuma ka zaɓi bangon da rana ba ta duka kai tsaye. Reynolds kansa, da yake yana son gwaje-gwajen launi, jan da ke fuskokin zane-zanensa da dama ya koɗe tun yana raye, balle fentin gwangwani a ranar Damagaram ta watan Afrilu.