Shawarar Lauya: Da ƙafarsa ya shiga halwa, amma da ya buga ƙofa ba a buɗe ba

Tambaya

Barista, salamu alaikum. Maganar ƙanena ce, shekararsa 26. Tun bayan rasuwar mahaifinmu ya shiga damuwa, har likita ya ɗora shi a kan magani, ya yi kusan shekara yana sha. Wani abokinsa ya kai shi wurin wani malami a wani ƙauye nan jihar Kano, aka ce zai shiga halwa ta kwana 40 ya samu buɗi. Ya biya naira 150,000, ya sa hannu a wata takarda mai cewa duk abin da ya same shi ba ruwan kowa. Suka karɓe wayarsa da maganinsa, wai ƙwayar Bature tana toshe zuciya. Ɗakin da aka sa shi ta waje ake kulle shi da kwaɗo. Abincinsa kofin kunu da dabino bakwai bayan magariba, dare kuwa ba barci sai wuridi. Ya ce a kwana na 11 ya yi ta dukan ƙofa yana roƙon a fitar da shi, aka ce masa Shaiɗan ne, in ya fita kafin wa'adi zai haukace. A kwana na 19 suka kira mu mu zo mu ɗauke shi. Mun tarar ya rame, yana ta sambatu, ko ni bai gane ba. Mako uku ya yi a asibiti. Malamin ya ce sirrin ne ya fi ƙarfinsa. Kawunmu ya ce mu bar wa Allah, ba a ja da malamai, kuma ai da ƙafarsa ya je. Ni dai raina ya ƙi kwanciya. Muna da wani haƙƙi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan mahaifinku.

Kuna da haƙƙi. Amma bari in fara da maganar kawunku, don ita ce za ki fi ji a duk inda kika kai wannan kuka, har a bakin wasu 'yan sanda. Gaskiya ne da ƙafarsa ya je, kuma doka ba ta hana baligi mai hankali ya keɓe kansa don ibada ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi wannan 'yanci, ya bai wa malamin ma. Halwa ba laifi ba ce, kuma ba alƙalin da zai zauna ya tantance ko wuridin da aka ba shi ingantacce ne. Kada ku kai maganar can, za ku ɓata.

Abin da doka za ta duba shi ne kwana na 11. Yarda abu ce da mai ita ke iya janyewa duk lokacin da ya ga dama. Wanda ya ce a rufe shi, sannan ya dawo yana dukan ƙofa yana cewa a buɗe, ya janye yardarsa. Daga wannan lokaci sunan abin ya tashi daga halwa ya koma tsarewa. Kwana takwas ɗin da suka biyo baya, daga na 11 zuwa na 19, su ne kan shari'arku. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Kano ta yi bayanin hana mutum tafiya inda yake da damar zuwa a sashe na 254, da kuma tsare shi a wani wuri ba bisa ƙa'ida ba a sashe na 255. Laifuka ne da ake ɗaure mutum a kansu. Dokar hukunta laifuka ta Shari'ar Musulunci da jihar ta kafa a 2000 ita ma ba ta halatta wa kowa ya kulle ɗan mutane ba. Kuma ki lura, ko da babu kwaɗo, tsoratar da mutumin da ya kwana goma bai yi barcin kirki ba da cewa zai haukace in ya fita, shi ma ɗauri ne, igiyarsa ce kawai ba a gani. Yardar da aka samo ta hanyar tsoratarwa doka ba ta ɗauke ta yarda ba.

Takardar da ya sa wa hannu ita ce ke firgita mutane, alhali ƙarfinta bai kai yadda ake zato ba. Ba wata takarda da za ta wanke mutum daga laifin da hukuma ke hukuntawa, domin ƙanenki ba shi da ikon bayar da lasisin karya doka. A ɓangaren neman diyya tana iya yin tasiri, amma iyakarta haɗarin da mutum ya sani ya kuma rungume shi da idonsa biyu: yunwa, kaɗaici, gajiya. Ba ta rufe sakacin wanda ya ga mutum yana zautuwa a gabansa ya juya baya ba. Ni dai in na samu irin wannan takarda murna nake yi, saboda tana tabbatar da abubuwa uku da in babu ita sai an yi ta gardama a kansu: cewa yaron yana hannunsu, ranar da ya shiga, da kuma cewa su kansu sun san akwai haɗari tunda har suka nemi kariya. In kuna da kwafinta ku adana. In tana wurinsu, kotu na iya umartar su kawo ta.

Wannan ba a garinmu aka fara ba. A watan Oktoban 2009, a kusa da garin Sedona na jihar Arizona a Amurka, wani mai koyar da tsarkake ruhi mai suna James Arthur Ray ya tara mutum sama da 50 da kowannensu ya biya kusan dala 10,000. Bayan sun yi awa 36 a daji ba ci ba sha, ya shigar da su wata bukka da aka zafafa da duwatsu masu zafi, yana ƙarfafa musu gwiwa su daure su ƙetare tsoron mutuwa. Mutum uku suka mutu. Sun sa hannu a takardar yafe haƙƙi, kuma ƙofar ma ba a kulle take ba. Duk da haka a 2011 aka same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka ɗaure shi shekara biyu. Hukuncin Amurka ba ya hawa kan kotunanmu, na kawo shi ne don ki ga cewa kalmar "da ƙafarsa ya je" ba ta ceci jagora ba. A nan gida kuwa kin tuna gidan da 'yan sanda suka fasa a Rigasa, Kaduna, a Satumban 2019, aka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Hujjar da aka bayar a lokacin ita ce iyaye ne suka kawo 'ya'yansu da kansu. Ba ta hana a rufe gidan a gurfanar da masu shi ba.

Yanzu maganar magani, wadda a ganina ita ce ta fi muni a labarinki. Wanda ya karɓi mutum, ya raba shi da wayarsa, ya riƙe makullin ɗakinsa, ya zama shi kaɗai ke ba shi ci da sha, ya ɗora wa kansa nauyin kula da shi, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Sun san yana shan maganin ƙwaƙwalwa, shaidar kuwa ita ce sun karɓe shi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura ya san likitoci na gargaɗin kada a yanke maganin lokaci guda, kuma rashin barci na kwanaki kaɗai ya isa ya birkita mai lafiya, balle wanda dama yake lallaɓawa. Su kuma suka haɗa masa biyun, suka ƙara da yunwa. Wannan sakaci ne da ake neman diyya a kansa, kuma yana iya zama laifin jawo wa mutum rauni. Sashe na 241 na Penal Code ya lissafa cikin rauni mai tsanani wanda ya jefa rai cikin haɗari, ko ya hana mutum gudanar da harkokinsa na tsawon kwana 20. Kin ce mako uku ya yi a kwance. Ki lissafa.

Tunda kawunku na ganin ja da malami saɓo ne, ga abin da za ki gaya masa cikin ladabi, ba daga littattafan lauyoyi ba. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani mutum mai suna Abu Isra'ila a tsaye cikin rana, aka ce ya yi bakancen ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai ya ce a umarce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya fitar cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ne da lamuni, wato alhakin ɓarnar da ta biyo baya yana kansa. Mutumin da ya yanke cewa majinyaci ya daina shan ƙwayarsa ya hau kujerar likita. Na yi hulɗa da shaihunan ɗariƙa da ba sa sa almajiri a halwa sai sun san halinsa ciki da bai, suna leƙa shi, in suka ga alamar da ba su gane ba su ce ya fito. Su ne za su fara gaya miki cewa abin da aka yi wa ƙanenki ba tarbiyya ba ce.

Ba zan rufe ki ba, akwai inda shari'arku ke da rauni. Lauyansu zai ce dama can yana da ciwonsa, ba halwa ce ta jawo ba. Amsar doka ita ce wanda ya cuci mai rauni ba ya fakewa da cewa dama mai rauni ne, amma sai kun nuna cewa kafin ya shiga yana zaune lafiya a kan maganinsa. Likitan da ke duba shi tun farko shi ne babban mashaidinku, ya fi kowa. Rauni na biyu shi ne dukan ƙofar nan na kwana na 11: wa ya ji? In maganar ƙanenki ce kaɗai, za su ce mutumin da ke sambatu ba a dogara da tunaninsa. Ku nemi wanda ke kai masa kunu, da waɗanda ke ɗakunan kusa, da abokin da ya kai shi. Shi abokin kada ku far masa da faɗa, kuna buƙatarsa.

Hanyoyin da ke gabanku ba ɗaya ba ne, kuma bin wata ba ya rufe wata. Kuna iya rubuta takardar koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda ta hannun lauya, wanda ya fi zuwa caji ofis ɗin ƙauyen da baki, inda wataƙila kowa almajirin malamin ne. Kuna iya shigar da ƙara kai tsaye a gaban majistare ko kotun Shari'a. Wannan hanya hukunci take kawowa, kuma ita ce ke iya sa a buɗe sauran ɗakunan. In akwai wasu a kulle a can yanzu, wannan ba ta jiran gobe.

Hanyar da na fi so a irin wannan ita ce ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu, a ƙarƙashin sashe na 34 na kundin tsarin mulki da ya hana azabtarwa da wulaƙanci, da na 35 da ya kare 'yancin walwala ya kuma tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa doka ba. Kotunanmu sun karɓi irin wannan ƙara a kan mutane masu zaman kansu, ba hukuma kaɗai ba. Ƙa'idojin 2009 da ake bi sun sa yawanci da rubutacciyar rantsuwa ake yin ta, ba sai an tsayar da mara lafiya ana yi masa tambayar ƙure ba. Ba ta da wa'adin da ke kashe ta, kuma ke kanki kina iya shigar da ita a madadinsa. Sai dai dole jigon ƙarar ya zama tsarewar da wulaƙancin. Kuɗin asibiti da asarar sana'a da naira 150,000 ɗin nan sun fi dacewa da ƙarar neman diyya ta daban, ita kuma tana da wa'adi, don haka kada ku yi ta jan ƙafa. In kuɗin lauya ya yi muku nauyi, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa duk suna da ofis a Kano, kuma kai koke wurinsu ba a biya.

Sulhu ma hanya ce, ban raina ta ba, kuma na san can dangi za su karkata. Sharaɗina shi ne a yi shi a rubuce, a gaban wanda ake jin nauyinsa, ko a cibiyar sasanta rigingimu ta Babbar Kotun Kano, a faɗi adadin kuɗin jinya da ranar biya. Sulhun zaure da ake rufewa da fatiha a watse, ba a rubuta komai ba, bayan wata biyu sai ki ji an ce ai an yafe.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki hau Facebook ko TikTok ki kama sunan malamin. Ɓata suna laifi ne a Penal Code, kuma na ga masu gaskiya sun koma waɗanda ake tuhuma saboda bidiyon minti biyu. Ban da haka sirrin lafiyar ƙanenki nasa ne. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta jaddada haƙƙin mai irin wannan lalura na a rufa masa asiri, a kuma saurari ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi. Shi aka kulle, shi zai rayu da maganar mutane bayan an gama. In ya warware ku zauna da shi, ba tare da kawu a wurin ba, ku ji abin da yake so.

Kafin nan, cikin wannan makon: ki nemi rahoton likita a rubuce daga asibitin da ya kwanta, mai nuna halin da aka kawo shi da nauyinsa a ranar, ki karɓo katinsa na tsohon likitansa, ki fitar da shaidar tura kuɗin daga banki, ki ɗauki hoton kiran da suka yi muku a kwana na 19 kafin ya goge daga wayar. Sannan ki samu littafi ki rubuta duk abin da kika gani ranar da kuka je ɗaukarsa, har da irin kwaɗon da gefen ƙofar da yake maƙale.