Firigo ko gyaɗa? Amsoshin masu sana'a a Damagaram

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Watan gobe zan kwashi adashe, jika 200. A Garin Malam nake aure, kuma ba na yawan fita. Zuciyata ta rabu biyu: in sayi firigo na hannu in riƙa ƙanƙara da zoɓo, ko in koma sana'ar mahaifiyata, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sa wa kuɗin albarka. Ni dai gyaɗa zan ce miki.

Firigo da abu biyu yake aiki, kuran (wutar lantarki) da ruwa, kuma babu ɗaya da ke hannunki. Watannin da ƙanƙara ke ciniki, Maris zuwa Mayu, su ne watannin da wuta ta fi ɗaukewa, famfo kuma ya yi shiru sai tsakar dare. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa daga nesa ake jawo mana ruwa, daga su Arungusa da Ganaram. Ranar da kika sayi jarka a hannun ɗan ga-ruwa da tsada, kika ƙulla a leda, wuta ta tafi kafin ya daskare, to kin yi asara biyu. Waɗanda suka yi wannan sana'a a 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu bayan juyin mulki, sun san abin da nake faɗa. Sannan ga hunturu: daga Disamba zuwa Janairu ko kallon zoɓo mai sanyi ba a yi.

In kuma ranki ya kafe a kan firigon, ki ɗauki mai buɗewa ta sama, ya fi mai tsayuwa riƙe sanyi in wuta ta tafi. Kada ki biya sai an kunna shi a gabanki, an sa robar ruwa ta daskare. Ki duba robar bakin murfin, ki kuma ware kuɗin na'urar daidaita ƙarfin wuta, don dawowar kuran da ƙarfi ke ƙone inji.

Ita gyaɗa kin tashi kin tarar ana yi a gidanku, hannunki ya san suya, ya san matsa. Wannan ma jari ne. Abin da ke raba mai riba da mai wahalar banza shi ne lokacin saye. Da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, gyaɗa kan faɗi a kasuwannin Matamai da Kance da Magarya. Wadda ke sayen tiya biyu kullum a kasuwar Dole da bazara, ɗan kasuwa take yi wa aiki. In ba za ki je da kanki ba, ki aiki wanda ya san kaya. A ciza ƙwaya: in ta yi ƙas ta bushe, in ta lanƙwashe da sauran danshi, za ta yi fumfuna a buhu, kuma gyaɗa mai fumfuna guba ce ga hanta. A ɗora buhunan kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Masu wannan sana'a kan ce man gyaɗar ne ke mayar da uwar kuɗi, riba tana cikin ƙuli-ƙuli. Saboda haka kada ki mai da ƙuli-ƙulin abin ba yara da baƙi. Kuma kada ki zuba jika 200 duka a buhu. Ki bar kashi ɗaya cikin uku don niƙa, itace ko gaz, kwalabe, da ranar da ciwo zai shigo gida ba sallama.

Tambaya: Hajiya, daga Mirya nake. Ragon turka na Layya ko akuya?

Amsa: In ba ki tara harawa da dusa tun kaka ba, rago zai cinye ribarsa kafin salla. Akuya ta fi haƙuri da ƙarancin abinci, ga nono, ga haihuwa. Ki sayi akuya.

Tambaya: Ina sayar da kayan miya a ƙofar gida, ana ciniki, amma jarina kullum baya yake ja. Ko baki aka yi mini?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki nemi rubutu ki lissafa abin da ke fita. Maigida ya ce a ɗebi magi na cefane zai biya, ƙanwar miji ta karɓi manja sai Juma'a, yara sun ɗauki dala biyar-biyar na makaranta. Kowanne kaɗan ne, amma a nan jarin ke tsiyaya. Ki ware kuɗin sana'a a gwangwani daban. Abin da tukunyar gida ta ci daga tire, a biya shi ranar, ko da ke ce kika ɗiba.

Hana dangi bashi yana da nauyi, na sani. Shi ya sa nake cewa ki shiga asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991: kowane mako ana zubi a akwati mai makulli, ana ranta wa juna. In an zo neman rance sai ki ce kuɗin suna akwati, makullin kuma ba a hannunki yake ba.