Tambaya da Amsa: Idan Hoton da ke Kan Kati Ya Ƙi Warwaruwa

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan katunan wasa ƙwaƙwalwa da ake saya a tara, musamman waɗanda hoto ne a kansu maimakon rubutu. Huɗu muka zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wane irin wasa ne Perplex City, kuma ta ina ake soma wa katin da ba a rubuta tambaya a fili a kansa ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Wasa ne da kamfanin Mind Candy na birnin Landan ya fitar a 2005. Katunan zangon farko 256 ne, an sayar da su shida-shida a fakiti, an kasa su launi takwas gwargwadon wuya: ja ne mafi sauƙi, sai ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi, shunayya, baƙi, sannan na azurfa waɗanda suka fi wuya kuma suka fi wuyar samu. Kowane kati yana da wurin kankarewa irin na katin waya, da lamba a ƙarƙashinsa wadda a lokacin ake shigarwa tare da amsa a samu maki. Babbar gasar kuwa ta neman wani abu ce da aka binne, kyautarsa fam 100,000. An tono shi a dajin Wakerley da ke Northamptonshire a Ingila a watan Fabrairun 2007, kuma a shekarar aka dakatar da wasan.

Game da inda ake somawa, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki hoton katin da waya a zauna ana ta kallo. Katin abu ne na riƙewa a hannu, kuma wasu an buga su da tawadar da kyamara ba ta kamawa. A fara da duba shi gaba da baya da gefuna a hasken rana, a karanta sunan katin da kyau, domin sau da yawa a nan aka ɓoye manuniya. Daga nan a shiga ɗaki mai duhu a haska shi da fitilar gwajin takardun kuɗi. Mai lamba 365 ta fi mai 395 fito da ɓoyayyen rubutu, saboda ta biyun tana zubo shunayyan haske da yawa ya rufe abin da ake nema. Idan farin katin gaba ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi, wannan sinadarin ƙara wa takarda fari ne, ba saƙo ba ne.

Akwai kuma tawadar da ɗumi ke dusar da ita. A danna babban yatsa kamar rabin minti a ɗaga. Irin wadda aka yi don taɓawar hannu takan sauya a wajen digiri 31, don haka a ɗakin da zafin bazara ya wuce haka tana iya kasancewa ta riga ta dushe ba a sani ba. A sa katin a leda a ɗaure, a ajiye a firji minti biyar, a ga ko wani wuri zai yi duhu. Kada a kai masa dutsen guga ko wutar ashana. Kuma mai niyyar tarawa ya bar wurin kankarewar nan yadda yake, don katin da aka kankare darajarsa ta ragu a wurin masu saye.

Tambaya: Ina da kati mai zanen alwatika biyu a kan layuka gida-gida, kowace tsawonta gida 13, tsayinta gida 5. Gutsattsari huɗu ne suka haɗa ta sama. Su ɗin dai aka sauya wa wuri a ta ƙasa, amma sai ga gida ɗaya ya rage fanko. Na ƙirga har na gaji. Daga ina gidan ya fito? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, ƙirgar taki daidai ce, idon ne aka yi wa wayo. Wannan tsohuwar dabara ce da ake jingina wa Paul Curry, wani mai wasan rufa-ido na birnin New York, a 1953, kuma ba za ta warwaru da kallo ba sai da awo.

Ɗauki gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Babbar alwatika gida 8 ce a kwance, 3 a tsaye, filinta gida 12 ke nan. Ƙaramar 5 ce da 2, filinta gida 5. Sauran biyun masu lanƙwasa, ɗaya gida 7 ɗaya gida 8. Jimla 32. To amma alwatika ta gaskiya mai 13 da 5, filinta rabin 65 ne, wato 32 da rabi. Tun a nan ƙarya ta fara fitowa: gutsattsarin ba su taɓa cika alwatikar ba, ko a zanen sama.

Sirrin yana kan doguwar gangarar. Babbar alwatika tana hawa gida 3 a tafiyar gida 8, wato 0.375 a kowane gida. Ƙaramar tana hawa 2 a tafiyar 5, wato 0.4. Tunda hawansu ba ɗaya ba ne, layin da suka haɗu suka yi ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan karaya a mahaɗarsu, kaɗan ya wuce digiri ɗaya. A zanen sama, inda babbar ke ƙasa, mahaɗar tana kan gida na 8 a tsayin 3 cif, alhali miƙaƙƙen layi a wurin 3.08 zai bi. Gefen ya lotsa ciki, an yi rashin rabin gida. A zanen ƙasa ƙaramar ce a ƙasa, mahaɗar tana kan gida na 5 a tsayin 2, alhali miƙaƙƙen layi a 1.92 yake. Gefen ya kumburo waje, an ci ribar rabin gida. Rabi da rabi, ga gidanki ɗaya, an miƙe shi ya zama siririn tsinke a tsawon gangarar.

Akwai wata hanyar gani da ta fi sauri. A sama, gutsattsari biyu masu lanƙwasa suna zaune a wuri mai gida 5 sau 3, wato 15, sun cika shi dam. A ƙasa an ba su wuri mai 8 sau 2, wato 16. Dole gida ɗaya ya rage. Kuma lambobin ba da ka aka zaɓe su ba: 2, 3, 5, 8, 13 jerin Fibonacci ne, inda kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce, shi ya sa hawan biyu suka yi kusa har ido ya kasa rarrabewa.

Me ya sa rula ba ta tona asirin a kan katin? Idan gida ɗaya milimita 5 ne, karayar ba ta kai rabin milimita ba, kuma kaurin layin da aka zana ya haɗiye ta. Masu buga katin suna sane, da gangan suke kaurara layin. Don ɗalibanki su gani da idonsu, ki zana shi a takardar A4 a kwance, kowane gida santimita 2, tsawo 26 tsayi 10, da fensir mai tsini. Ki ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa. Tazarar za ta kai milimita ɗaya da rabi, kowa zai gan ta. A yanka da reza a jikin rula, domin almakashi yakan ci gefen ya ɓata gwajin.

Tambaya: Katina cike yake da ɗige-ɗige masu maimaita kansu, an ce akwai siffa a ciki. Abokaina suna gani, ni ko alama. Ko idona ne? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya idon ne, yawanci rashin sabo ne. Irin hoton nan Christopher Tyler ne ya ƙirƙiro shi a 1979, bisa aikin da Béla Julesz ya fara shekara ashirin kafin nan, littattafan Magic Eye kuma suka yaɗa shi a shekarun 1990. Zanen yana maimaita kansa daga hagu zuwa dama, amma an ɗan rage tazarar a wasu wurare. Idan idon hagu ya kama wani ɗigo, na dama ya kama makwafcinsa mai kama da shi, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauke su abu ɗaya, ta fassara bambancin tazarar a matsayin zurfi da tudu.

Abin da ake so shi ne ka kalli bayan katin, ba fuskarsa ba. Auna tazarar maimaicin da rula, ka ɗiga ɗigo biyu masu wannan tazarar a wata 'yar takarda ka ɗora a saman katin. Kawo shi dab da hancinka, ka saki idanu kamar mai hangen nesa, ka riƙa janye shi a hankali. Ɗigo biyun za su zama huɗu, sannan na tsakiya su haɗe su zama uku. Da sun zama uku ka tsaya, ka sauko da kallonka cikin hoton ba tare da ka sake saita ido ba. Wasu ya fi musu sauƙi su sa katin a bayan gilashi su kalli inuwar fuskarsu.

Abubuwan da ke hana shi fitowa kaɗan ne. Karkata kai ko katin, ko da ɗan kaɗan, yana raba layukan da ya kamata su haɗu. Ƙyallin fitila a kan kati mai sheƙi yana jawo ido ya dawo fuskar takarda. Idan ka faɗaɗa hoton a kwamfuta har maimaicin ya wuce tazarar idanunka, wajen santimita 6, ba zai yiwu ba. Idan kuwa siffar ta fito a matsayin rami maimakon tudu, idanunka ka harɗe ciki, kishiyar abin da ake so. Mai harara-garke ko wanda ido ɗaya ya yi masa rauni sosai ba lallai ya gani ba, kuma akwai mafita: a manhajar gyaran hoto a ɗora kwafi biyu ɗaya kan ɗaya, a zaɓi tsarin da ke nuna bambancinsu, a riƙa zame na sama gefe. Da ya kai tazarar maimaicin, siffar za ta fito baƙa. Idan kai ya fara ciwo a huta.

Tambaya: Gaskiya ne akwai katin da ya shekara goma sha huɗu ba a warware shi ba? Kuma me ake yi da dogayen layuka sirara masu kama da zanen jikin kayan kanti? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Gaskiya ne. Kati na 256 na Perplex City, wanda ya fito a 2006, hoton wani mutum ne da rubutun Japananci mai cewa a nemo shi. An daɗe da gane cewa a garin Kaysersberg na yankin Alsace a Faransa aka ɗauki hoton, amma mutumin ba a same shi ba sai a Disambar 2020, da manhajar binciken fuska. Na 238 kuwa yana neman a tabbatar da hasashen Riemann na 1859, abin da har yau ya gagari masana lissafi.

Dogayen layukan nan haruffa ne aka ja su. Rufe ido ɗaya, ka ɗaga katin daidai da idon, ka kwantar da shi kamar faranti kana leƙensa daga gefen ƙasa. Idan an ja harafin ninki goma, sai katin ya kwanta har saura wajen digiri 6 kafin ya koma siffarsa, shi ya sa masu karkata shi rabi-rabi ba sa ganin komai. Bayan ka karanta, juya shi kwata ka sake leƙawa, domin an saba saƙa rubutu na biyu a gicciye, wani lokacin har na uku da na huɗu daga kusurwa.