Kunkurun teku yana zuba ƙwai ɗari a rami guda, to ta yaya zai ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne mazaunin Garwa, ina kai albasa da shanu kudu. A wata tafiya da na yi har Kiribi, wani abokina ya kai ni ƙauyen Eboje da ke bakin teku a kan hanyar Kampo, inda na tarar da samari suna gadin ƙwan kunkuru, aka kuma ce mini idan kunkurun ya faɗa komar masunci har kuɗi ake biya domin a sake shi. An gaya mini mace ɗaya tana zuba ƙwai kusan ɗari a rami guda. To, Malam, dabbar da ke haihuwa haka ta yaya za ta ƙare? Kuma shin ita ce kififiyar da muke gani a Binuwai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Adadin da aka faɗa maka gaskiya ne, har ma an rage maka, domin macen ba rami ɗaya take haƙawa ba a shekarar da ta fito. Takan dawo gaɓa sau biyu ko sau uku, wani jinsin har sau shida ko bakwai, da tazarar kwana 10 zuwa mako biyu, kuma kowane zuwa da nasa ƙwan. Sai dai wannan yawan shi ne ke ruɗin mutane, kuma ya daɗe yana ruɗin masana kansu.

Bari in fara sallamar tambayarka ta biyu. Kififiyar Binuwai da Logon da Tafkin Cadi 'yar'uwa ce ta nesa, amma ba ita ba ce. Kunkurun teku ba shi da ƙafafun tafiya irin na kunkurun daji, hannayensa na gaba faffaɗa ne kamar filafilin kwale-kwale, ba ya iya mayar da kansa cikin ƙoƙon bayansa, kuma namijinsa, da zarar ya shiga ruwa yana jariri, da wuya ya sake taka ƙasa har ya mutu. Jinsinsa bakwai ne a duniya. A gaɓar Kamaru biyu ne suka fi fitowa zuba ƙwai, daga wajen watan Oktoba zuwa Maris: ƙaramin nan mai launin zaitun, da babban cikinsu duka mai bayan fata, wanda tsawonsa kan kusanci mita 2, nauyinsa kuma kan kai na bijimi. Wasu biyu, wato koren kunkuru da mai bakin shaho, sun fi zuwa kiwo a wuraren duwatsu na kusa da gaɓa. Maƙwabciyarmu Gabon ita ce ke da tarin masu bayan fata mafi girma da aka sani a duniya.

Yanzu ka bi ƙwan nan ɗari ka ga inda suke ƙarewa. Uwar tana binne su cikin yashi da dare ta koma ruwa, ba ta kwanci, ba ta kuma sake waiwayarsu. Sukan yi kimanin wata biyu a ƙasa, kuma a cikin wannan lokaci kare yana tono, ƙaguwa tana tono, igiyar ruwa tana cinye gaɓa ta tafi da rami sukutum. Waɗanda suka ƙyanƙyashe, kowanne bai cika tafin hannunka ba, suna fitowa da dare su nufi inda sararin sama ya fi haske, wanda a gaɓar da babu gari shi ne ɓangaren teku. Inda aka kunna fitilun otal ko na tashar jiragen ruwa, sai su juya wa teku baya su nufi tudu, gari ya waye musu a can, rana da hankaki su gama da su. Wanda ya tsira ya shiga ruwa kuwa, kifi da tsuntsaye na jiransa. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne, a cikin jarirai 1,000 kusan ɗaya ne ke kaiwa girma. Ke nan ƙwai ɗari ba arziki ba ne da ya yi yawa, gwargwadon asarar da aka halicci dabbar da ita ne.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne jinkirin balaga. Koren kunkuru yakan yi shekara 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, kafin ya zuba ƙwansa na farko, kuma bayan haka yawancin jinsunan ba kowace shekara suke fitowa ba, sai bayan shekara biyu ko uku. Kai da kake ɗaukar shanu ka san bambancin da ke tsakanin sayar da ɗan maraƙi da yanka saniyar da ke tsakiyar haihuwa, ka kuma san makiyayin da ya fara taɓa iyayen garke ya kama hanyar ajiye sanda. Babbar macen da ke fitowa gaɓar Eboje ita ce ɗayar nan da ta rage daga cikin dubu, ta ci shekaru masu yawa kafin ta kai nan, kuma tana da wasu shekaru masu yawa na haihuwa a gabanta. A shekarar 1987 wasu masu bincike uku a Amurka, Deborah Crouse da Larry Crowder da Hal Caswell, suka yi lissafi a kan jinsin nan mai ƙaton kai, suka nuna cewa ko da an kare ƙwai gaba ɗaya, yawan kunkurun ba zai farfaɗo ba muddin manya da matasa suna mutuwa a cikin komar jiragen kamun jatan lande. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa dokar sa wa irin wannan koma wata ƙofa ta ƙarfe, wadda ke barin jatan lande ya wuce ciki, ta tura kunkuru waje. Dalilin mutuwar kuwa mai sauƙi ne: kunkuru da huhu yake numfashi kamar ni da kai, idan koma ta riƙe shi a ƙasa ya kasa tasowa, nutsewa yake yi.

Kada ka ɗauka daga nan cewa gadin ƙwan da samarin ke yi wahalar banza ce. A gaɓar Rantau Abang ta ƙasar Maleshiya, a shekarun 1950, ana ƙirga ramukan masu bayan fata kusan 10,000 a shekara. Mutane suka yi ta kwashe kusan duk ƙwan suna sayarwa shekara da shekaru, kuma ba wanda ya ga alamar matsala, tunda tsofaffin iyaye suna ci gaba da fitowa kamar kullum. Da waɗannan suka tsufa suka mutu, wasu kuma koma ta ci su, sai aka duba babu na baya, kuma kafin farkon shekarun 2000 gaɓar ta zama kusan wayam. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a aikin nan: ɓarnar da aka yi yau ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin, lokacin da wanda ya yi ta ya manta, gyaran da aka yi yau ma haka.

Yadda muke sanin waɗannan abubuwa ba wani asiri ba ne, yawancinsa tafiyar ƙafa ce cikin dare. Ana bin gaɓa da jar fitila mai raunin haske, a jira uwar ta fara zuba ƙwai, domin a lokacin ne ba ta cika razana ba, sannan a auna bayanta, a maƙala mata ɗan ƙarfe mai lamba a hannu. Masu kallo sukan ce tana kuka saboda zafin naƙuda, alhali gishirin ruwan da ta sha ne take fitarwa ta wajen idanu. Archie Carr ne ya shahara da wannan aiki na sa lamba a Tortuguero ta ƙasar Kosta Rika tun shekarun 1950, kuma irinsa ne ya tabbatar da cewa mace tana komawa yankin gaɓa guda shekara bayan shekara. Daga baya gwajin ƙwayoyin gado ya nuna yankin da aka ƙyanƙyashe ta ne, binciken Kenneth Lohmann kuma ya nuna da maganaɗisun ƙasa take gane hanya. An ɗaura wa wasu masu bayan fata na Gabon na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, aka ga sun ƙetare Tekun Atilantika har ruwan Kudancin Amurka. Shi ya sa ƙasa ɗaya ba ta iya kare shi ita kaɗai, kuma shi ya sa ƙasashen gaɓar Afirka ta wannan teku suka ƙulla yarjejeniya a kansa a Abijan a 1999.

Idan rami yana inda ruwa zai cinye shi, akan kwashe ƙwan a kai wani shinge, amma sai cikin sa'o'in farko kuma ba tare da jujjuya su ba, domin ɗan tayin yana mannewa a jikin ɓawo, juyi ɗaya na iya kashe shi. Akwai kuma wani abin lura: zafin yashi ne ke yanke ko jaririn zai zama namiji ko mace. A wajen digiri 29 sukan fito rabi da rabi, idan ya fi haka zafi mata su rinjaya. A arewacin babban jerin duwatsun murjani na cikin tekun Ostareliya, wani bincike na 2018 ya gano fiye da kashi 99 cikin ɗari na matasan koren kunkuru mata ne. Saboda haka wanda ya sa shingensa a tsakar rana da kyakkyawar niyya yana iya ɓata abin da ya zo gyarawa.

Game da kuɗin da ake biyan masunci, ra'ayina shi ne yana da hujja, domin kunkuru yana yaga koma, kuma ba adalci ba ne a ce wa talaka ya saki nama ya kuma ɗinke komarsa da aljihunsa. Amma wajibi ne kuɗin ya tsaya a matsayin diyyar koma, don idan ya fi haka tsoka, wani zai fara neman kunkurun da gangan. Ruwan da ke gaban Eboje yana cikin gandun teku na Manyange na Elombo-Kampo da gwamnati ta kafa a 2021, sai dai sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kiribi ba ta da nisa, kuma a gaɓar Kiribi ne bututun man Cadi da ya taso daga Doba yake ƙarewa. Ledar da ake yarwa ma tana da nata kason, domin mai bayan fata abincinsa wata halitta ce mai taushi da masu Faransanci ke kira mediz, kuma leda a cikin ruwa kamarta ɗaya da ita.

Lissafin nan bai tsaya a teku ba. Kififiyar Binuwai ita ma a kan yashin bakin kogi take binne ƙwanta, ita ma ba ta saurin balaga, kuma wadda ta fi girma a cikin abin da masunci ya kamo galibi mace ce mai haihuwa. Haka babban kunkurun dajin nan na Sahel da ake ɗaurewa a gidaje, wanda yanzu yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Idan kana da 'yan'uwa masu su a Lagdo, ka gaya musu babbar kififiya ita ce ta fi cancanta a mayar ruwa, kuma ramin da aka gani a yashi a bar shi yadda yake har ƙwan ya fashe.