Ga uwar da ɗanta ya fara ɓoye inhelarsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki kan ɗanki mai shekara 14 da ke da asma, wanda ba ya son zuwa makaranta da inhela (abin shaƙar maganin asma), ya kuma daina shaƙar ta safe da dare, ke kuma kina tsoron kada jikinsa ya saba da maganin. Allah Ya ba shi lafiya. Ni ma da asma na tashi, kuma shekarun balaga ne suka fi ba ni wuya, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Maganar sabo dai ki cire ta daga ranki. Inhela ba ta kama mutum kamar kayan maye. Idan yaro yana yawan ɗaukarta, ciwon ne bai kwanta ba.

Ki duba magungunan da aka ba shi, za ki ga iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, galibi shuɗi. Cikin mintuna yake sakin tsokar da ta matse hanyoyin iska, amma ba ya taɓa kumburin da ke ciki, alhali kumburin ne tushen ciwon. Ɗayan kuma na rigakafi ne, irin su budesonide, mai kwantar da kumburin a hankali. Sai an ɗauki kwanaki ko makonni ana shaƙa kafin a ga aikinsa. A nan matashi yake ruɗewa. Shuɗin yana ba shi sauƙi a take, na rigakafin kuwa in ya shaƙa ba ya jin komai, sai ya ɗauka ba ya aiki. Ya bar shi, mako ɗaya lafiya, mako biyu lafiya, sai ranar da mura ta kama shi ko ya shaƙi ƙura, ƙirji ya rufe gaba ɗaya. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar matasa da manya a kan shuɗin kaɗai. Akwai ma inhela guda da ta haɗa budesonide da formoterol, mai yin aikin biyun tare. Ki tambayi likitansa ko za ta dace da shi, don yaron da ke mantuwa abu ɗaya ya fi masa sauƙi.

Amma a ganina abin da ke damun ɗanki kunya ce, kuma ba ƙaramar kunya ba. A wannan shekarun babu abin da yaro ya tsana kamar a gan shi daban. Na san yadda ake ji idan ka fito da inhela a aji kowa ya juyo, wani ya ce ashe kai marar lafiya ne. Na san kuma yadda tambayar "ka sha maganinka?" a gaban abokai take sa mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ya taimake ni shi ne lokacin da aka daina bi na da tuni, aka mayar da maganin hannuna. Likita ya fara yi mini magana ni da kaina, mahaifiyata tana zaune tana saurare, daga baya ma ta riƙa fita ta bar mu. Ki gwada haka. Ki bar shi ya zaɓi lokacinsa, ya ajiye na rigakafin kusa da buroshin haƙori, tunda dama ana so ya kurkure baki bayan ya shaƙa. Wannan ba sai ya je da shi makaranta ba. Shuɗin kaɗai zai sa a aljihu, kuma idan na rigakafin ya zauna a jikinsa da wuya ya buƙaci fito da shi. Wannan hujjar ta fi shiga kunnen matashi fiye da tsoratarwa. Ki roƙe shi abu ɗaya: aboki guda da malami guda su san yana da asma, su san inda inhelar take.

Kada ki hana shi ƙwallo. David Beckham yana da asma, haka ma Paula Radcliffe da ta kafa tarihin gudun fanfalaki na mata a Landan a 2003. Ya ɗumama jiki kafin wasa, in likita ya amince ya shaƙi shuɗin kamar minti 15 kafin ya fara. Abin da za ki tsaya a kai da gaske shi ne hayaƙi: taba, shisha, da sigarin lantarki, ko da zama ne kawai kusa da masu sha. Ki kuma lura da asfirin da ibuprofen, suna tayar wa wasu da ciwon.

Ki sa a duba yadda yake shaƙa, don da yawa maganin a maƙogwaro yake tsaya musu. Robar nan da ake jona wa inhela, sifesa, tana gyara wannan sosai. Idan yana buƙatar shuɗin fiye da sau 2 a mako, ko tari yana tashinsa da dare, ko yana ƙarar da gwangwanin shuɗin 3 a shekara, ku koma asibiti a sake duba maganin, a kuma rubuta muku abin da za a yi idan ciwon ya tashi.

Ranar da kika ga ba ya iya gama jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko shuɗin bai yi aiki ba, ki zaunar da shi a miƙe, kada ya kwanta. Ya shaƙi shuɗin ɗaya bayan ɗaya, a bar daƙiƙa 30 zuwa 60 tsakani, har zuwa 10, kuna kan hanyar asibiti. Ko da tsakar dare ne kada a jira gari ya waye.