Baba ya ƙi taɓa babbar waya

Ɗan'uwa, ka ce ka saya wa Baba Android a Garwa amma ya koma kan ƙaramar Itel ɗinsa, kana tambaya ya za ka yi. To ni dai a ganina kar ka matsa masa, dattawan nan ba wayar suke tsoro ba, rubutun Faransanci ne ke ɗaure musu kai, da yawansu allo suka yi ba lakwal ba. Fara masa da WhatsApp kaɗai, nuna masa inda zai danna ya riƙe ya yi magana, da jikoki sun fara turo masa murya daga Marwa ko Njamena wallahi shi da kansa zai riƙa neman rezo. Ka sa hoton kowa a kan lambarsa.

Maganar kuɗi kuwa ba sai da babbar waya ba, a Kamaru lambar da ake dannawa ta Orange Money #150# ce, ta MoMo na MTN *126#, ko ba intanet suna yi. Sai dai ja masa kunne sosai kan lambar sirri, masu bugowa su ce wai sun yi kuskuren turo sefa a maido musu, tsofaffi suke farauta. Ya kashe kawai ya kira ka.